Bala'i ba ya shigowa babu sallama

A birnin Shikago na ƙasar Amurka akwai wata mujalla ta masana ilimin nukiliya, wadda tun shekara ta 1947 take riƙe da wani agogo na misali. Tsakar dare a fuskar wannan agogo ita ce sa'ar da ɗan Adam zai halaka kansa da hannunsa. Lokaci zuwa lokaci masanan kan zauna su duba halin da duniya take ciki, sa'an nan su tura hannun agogon gaba ko su ja shi baya. Ran da aka kafa shi, saura minti 7. A shekara ta 1991, shekarar da mu nan muke zaune a zauren Taron Ƙasa muna yi wa mulkin jam'iyya ɗaya jana'iza, Amurka da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu bisa yarjejeniyar rage makamansu, aka ja hannun agogon har zuwa minti 17, nisan da bai taɓa yi ba kafin nan, bai kuma sake yi ba. A watan Janairu na 2025 masanan suka ce saura daƙiƙa 89, wato ko minti ɗaya da rabi bai cika ba.

Abubuwan da suke aunawa sanannu ne: makaman ƙare dangi, ɗumamar yanayi, annoba, da kuma sababbin na'urori masu ƙwaƙwalwa da ake ta ƙerawa ba tare da an yi musu linzami ba. Mai karatu na iya cewa, kuma da gaskiyarsa, ina ruwan manomin Mayahi ko makiyayin Abalak da agogon Shikago, shi da agogonsa shi ne kuɗin tiyar hatsi a kasuwa? Amsarmu ita ce, duk waɗannan masifu, na can da na nan, hali guda gare su. Babu wadda ta faɗo daga sama babu sanarwa. Kowace sai da ta yi sallama, sai da wani ya ji, ya faɗa, aka rufe masa baki ko kuwa aka toshe kunne, sabili da mai ikon ɗaukar mataki ba shi ne zai fara biyan kuɗin jinkiri ba. Wannan hali shi ne babban haɗarin da ke bisa duniya, kuma ba manyan ƙasashe kaɗai ke da shi ba.

Mu fara da yanayi, tun da shi ne ya riga ya shigo mana gida. Tun 1896 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa cewa ƙaruwar iskar kabon a sararin sama za ta ɗumama ƙasa. Daga 1958 aka fara auna wannan iska kullum bisa dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawai: kashi 315 cikin miliyan a lokacin, fiye da 420 a shekarun nan. Masanan kamfanin mai na Exxon da kansu, tun ƙarshen shekarun 1970, sun rubuta wa shugabanninsu hasashen ɗumamar da za a yi, hasashen da bincike na 2023 ya tarar ya zo daidai da abin da ya faru. Amma kamfanin ya share shekaru yana shuka shakka a zukatan jama'a. An kafa kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a 1988, an yi taron Riyo a 1992, na Kyoto a 1997, na Paris a 2015. To, ga abin da ya kamata kowane ɗan makaranta ya sani: kusan rabin dukan hayaƙin kabon da ɗan Adam ya fitar daga ƙona gawayin ƙasa, mai da gas tun farkon zamanin masana'antu, bayan shekara ta 1990 aka fitar da shi. Wato bayan an sani. Ba jahilci ya kawo mu nan ba.

Shekara ta 2024 ita ce ta farko da zafin duniya ya haura digiri 1 da rabi bisa na kafin zamanin masana'antu, iyakar da aka yi alkawari a Paris za a yi ƙoƙarin kada a ƙetare. A takarda, ƙaramin adadi ne. A ƙasa kuwa, garin Kayes na Mali ya ga digiri 48 da rabi ranar 3 ga Afrilu na wannan shekara, a tsakiyar azumi. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururin ruwa, kimanin kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri guda, shi ya sa ƙasar da ta saba kukan fari take kukan ambaliya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa lokaci guda sun ninka sau 3 a Sahel tun daga 1982. Daminar 2024 ta fassara mana wannan bincike da harshen da kowa ke ji. Ƙarshen watan Agusta, ruwan da ya sauka a Maraɗi cikin ɗan lokaci ya rusa gidaje, ya ci rayuka. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19 wanda ya tsallake yaƙe-yaƙe da mulkin mallaka, ya zube. A ƙasa baki ɗaya an rasa kusan mutum 400, fiye da miliyan 1 da rabi suka tagayyara, har sai da aka ɗage komawa makarantu zuwa ƙarshen Oktoba, sabili da azuzuwa sun zama masaukin waɗanda ruwa ya kora. Maƙwabtanmu na Maiduguri sun kwana cikin ruwa a watan Satumba da madatsar Alau ta ɓalle.

Duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Abin da Ba'amurke guda ke fitarwa a shekara, ƴan Nijar 100 ba su fitar da shi ba. Wani ya ci, wani ke wanke kwano. A Kopenhagen, a 2009, ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dalar Amurka miliyar 100 kowace shekara kafin 2020. Bisa lissafinsu na kansu sai a 2022 suka cika, kuma babban kaso na kuɗin bashi ne, wato wanda aka ƙona wa rumbu ne ake ba rance da ruwa ya sake ginawa. Asusun biyan asara da aka amince da shi a Masar a 2022 ya tara alkawarin kimanin dala miliyan 700 a taron Dubai na 2023. A 2024 duniya ta kashe dala miliyar 2.700 da ɗoriya wajen sojoji da makamai. Mai son lissafi ya raba: kuɗin asusun nan bai kai abin da ake kashewa cikin awa 3 ba.

Batun makaman nukiliya ma ba labarin nesa ba ne gare mu, ko da yake mun fi jin sa a rediyo. Akwai kimanin kawunan bom 12.000 a hannun ƙasashe 9, kusan kashi 90 cikin 100 na Amurka da Rasha ne, kuma yarjejeniyoyin da suka ja hannun agogo baya sun yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya: ta makamai masu matsakaicin zango ta mutu a 2019, Rasha ta jingine ta ƙarshe, wadda ake kira New START, a 2023. Amma mu tuna da ranar 13 ga Fabrairu 1960, watanni 6 kafin ƴancin kanmu. Ran nan Faransa ta tayar da bom ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, mai ƙarfin na Hiroshima ninki 4. Gwaji 17 aka yi a wannan hamada daga 1960 zuwa 1966. An ce wa duniya wurin babu kowa, alhali akwai ƙauyuka da makiyaya. Nijeriya ta kori jakadan Faransa a 1961 saboda wannan al'amari. Sai bayan shekara 50 da ɗoriya, a 2014, jama'a suka ga taswirar da sojojin Faransa suka ɓoye, wadda ke nuna cewa ƙurar gwajin farko ta bi bisa ƙasashen Sahel har Injamena da Bamako, ta kuma kai kudancin Turai. Wa ya gargaɗi kakanninmu su rufe rijiya ko su shigar da yara ɗaki? Babu. Haka Tarayyar Sobiyet ta yi shiru a Afrilun 1986 da tashar Carnobil ta fashe, sai da na'urorin wata tasha a Suwidin suka tona asiri bayan kwana 2.

A cikin gidanmu kuwa akwai Akokan. Kamfanin COMINAK ya haƙo uraniyom daga 1978 har ranar 31 ga Maris 2021 da ya rufe, ya bar tulin kimanin ton miliyan 20 na dusar ma'adini mai fitar da tartsatsin guba, a bakin gari, bisa ruwan ƙarƙashin ƙasa da mutane ke sha. Kamfanin ya ce zai lulluɓe tulin da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2. Abin lura shi ne, yawancin abin da ɗan ƙasa ya sani game da wannan haɗari, daga ƙungiyar farar hula ta Aghir In'Man da masu bincike na waje, irin su CRIIRAD da Greenpeace, ya same shi, ba daga ofishin da aka ɗora wa alhakin kare lafiyarsa ba. An mayar da SOMAÏR hannun ƙasa a watan Yuni na 2025. Mallakar rami kuwa ta haɗa da mallakar abin da ke bakin ramin, kuma wannan guba ba ta duba takardar mai kamfani kafin ta shiga huhun yaro.

Annoba ba sai mun daɗe a kanta ba, kowa ya gani. Likitan Wuhan, Li Wenliang, ya gargaɗi abokan aikinsa ranar 30 ga Disamba 2019. Ƴan sanda suka kira shi suka ja masa kunne bisa yaɗa jita-jita. Cutar ta kashe shi a Fabrairun 2020, sa'an nan ta bi duniya ta ci kusan mutum miliyan 15 cikin shekara 2, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. A Nuwamban 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka yi abin da ya kamata, suka sanar da sabon nau'in cutar cikin gaggawa. Ladansu shi ne aka rufe wa ƙasashensu filayen jiragen sama. Darasin da aka koya wa kowace gwamnati ran nan shi ne, gobe ki yi shiru. (A nan ma mu ɗan ratse: masassarar cizon sauro na kashe kimanin mutum 600.000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka, kuma Nijar na cikin ƙasashe 4 da suka fi binne gawa saboda ita. Ba ta cikin lissafin agogon Shikago. Cuta ba ta zama barazanar duniya sai ta iya hawa jirgi ta sauka a Paris ko New York.)

Da mun tsaya nan, da magabatanmu sun karanta sun gyaɗa kai, don babu abin da ya fi daɗi a bakin mai mulki kamar laifin ƙasar waje. Amma mu ma mun iya toshe kunne, kuma tarihinmu na kusa shaida ne.

A Fabrairun 2004 hukumar FAO ta nemi dala miliyan 9 don kashe farin dango tun tana ƙanana a wuraren ƙyanƙyasarta. Ba a ba ta ba. A watan Agusta abin da ake nema ya kai miliyan 100, fara kuwa ta riga ta sauka a gonaki, ga ruwa ya ɗauke da wuri. A Nuwamba gwamnatin Nijar ta nemi taimakon cimaka, masu hannu da shuni suka yi kamar ba su ji ba. Wannan laifinsu ne. Amma da yunwa ta kankama a 2005, gwamnatin da jama'a suka zaɓa ce ta fara shekarar da ɗora harajin kashi 19 cikin 100 bisa kayan masarufi, har sai da ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa suka rufe birane. Ita ce ta dage bisa sayar da hatsi da rahusa ga mutanen da ba su da ko dala, maimakon rabawa kyauta. Kuma shugaban ƙasa na lokacin, Tanja Mamadu, ya fito a watan Agusta ya musanta cewa akwai yunwa. A wannan shekara likitocin MSF sun yi jinyar yara fiye da 60.000 masu tsananin tamowa, akasari a jihar Maraɗi. Taimako bai zo da gaske ba sai da hotunan yaran suka fita a talabijin na Turai cikin watan Yuli. Bayan shekara 3, a 2008, reshen Faransa na wannan ƙungiya aka dakatar da shi daga aiki a Maraɗi.

Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya shahara da cewa babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da ke da zaɓe da jaridu masu ƴanci. Shekara ta 2005 ta nuna cewa akwatin zaɓe shi kaɗai bai isa ba, in mai mulki na kallon kalmar yunwa kamar zagi. A 2010 kuwa, hukumomin riƙon ƙwarya na soja ne suka fito fili suka ce akwai yunwa, suka nemi taimako da wuri, kuma an ga bambanci. Muna faɗar wannan ne don adalci, ba don yabon kaki ba: ai juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 da yunwa ya kafa hujja, amma bai hana El-Buhari ta 1984 ba. Abin da ke ceton rai shi ne gaskiya ta fito da wuri, ta kai kunnen wanda abin ya shafa, kuma wanda ya faɗe ta ya kwana gidansa.

Abin takaici shi ne, ba mu da ƙarancin masu gargaɗi. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, a Yamai take. Cibiyar ACMAD mai hasashen yanayi ga nahiyar Afirka duka, a Yamai take. Tun watan Afrilu na 2024 masanan yankin suka sanar cewa damina za ta yi ruwa fiye da na al'ada a Sahel, da haɗarin ambaliya. Tsakanin Afrilu da Agusta akwai wata 4. Magudanan ruwa nawa aka yashe? Iyalai nawa aka faɗa wa, da harshen da suke ji, cewa gidansu bisa hanyar ruwa yake? Wa ya sa hannu bisa takardun filayen da aka yanka cikin korama da bakin gulbi, a garuruwan da yawan jama'arsu ke ninkawa cikin shekara 20? Ƙidayar 1988 ta same mu miliyan 7 da ƴan kai, ta 2012 miliyan 17, yau mun haura miliyan 25. Hayaƙin masana'antun wasu ne ya ƙara wa hadari nauyi, amma ba shi ya sayar da fili cikin fadama ba. Yamai ta ga irin wannan a 2020, da kogi ya fasa shinge ya cinye unguwannin gaɓar dama. Shekara 4 ba su isa a ɗauki darasi ba.

Dogaro da kunnen wasu kuwa ya ƙare. Ranar 20 ga Janairu 2025 shugaban Amurka ya sa hannu bisa fitar da ƙasarsa daga yarjejeniyar Paris da kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma cikin rushe hukumar USAID, tsarin FEWS NET mai hango yunwa, wanda aka kafa a 1985 bayan masifar Sahel da Habasha, ya yi watanni a rufe. Wanda ke kwana da fitilar maƙwabci ya san abin da ke jiransa ran da maƙwabci ya hura ta.

Toshe kunne ba mugun labari kaɗai yake hanawa ba, har da mai daɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu, suna sassabe shi suna renonsa, abin da ake kira sassabin zamani. Abin ya yaɗu ne musamman da tsoron tarar ma'aikatan gandun daji ya ragu, manomi ya fara ganin gawon da ke gonarsa nasa ne. Aka yi shekara kusan 20 ana rubuta rahotanni cewa hamada na cinye Nijar, har sai da masu bincike suka gwada hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000, suka tarar da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 da babu furojen da ya dasa su. Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wadda shugabanni suka ƙaddamar a 2007 da burin hekta miliyan 100 kafin 2030, rahoton 2020 ya same ta da kimanin hekta miliyan 4 a yankin da aka shata mata. Manoman jihohi 2 sun fi ƙasashe 11, ba tare da taro ko kuɗin zama ba, kuma ofisoshin Yamai su ne na ƙarshen sani. Inda aka saurari masana da wuri ma an ci nasara: yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta tsayar da yagewar rufin ozon, allurar sanƙarau da aka fara a 2010 a Burkina, Mali da Nijar ta karya nau'in cutar da ya kashe mutum 25.000 a Afirka a 1996.

Dan haka muke kallon dokar watan Yuni na 2024, wadda ta maido da hukuncin kurkuku bisa yaɗa bayanan da aka ce na iya dagula zaman lafiyar jama'a, a matsayin batun tsaron rai, ba batun ƴan jarida kaɗai ba. Adadin yaran da suka mutu a wani gidan likita, sakamakon awon ruwan wata rijiya a Arlit, labarin rumbun da babu kome ciki: wanne ne ba ya dagula hankali? Malamin asibiti da ke ƙauye, in ya san maganarsa na iya kai shi gidan kaso, zai jira izini daga sama, ƙwayar cuta kuwa ba ta jiran izini. Ƙasar da ke neman cikakken ikon kanta, ita ta fi kowa bukatar jin gaskiya daga bakin ƴaƴanta, tun da ta ce ba ta son ji daga bakin baƙo.

Muna kira ga hukumomi da su sake duba wannan doka, su ware duk wani bayani da ya shafi lafiya, cimaka da muhalli daga abin da ake hukunta mutum a kansa. Muna kira da a riƙa fassara hasashen damina da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Barbarci, a karanta shi a gidajen rediyon karkara tun watan Mayu, tare da sunayen unguwannin da ke cikin haɗari, kowane magajin gari kuma ya liƙa taswirar hanyoyin ruwa na garinsa a ƙofar ofishinsa. A buga sakamakon awon ruwa da iska na Arlit da Akokan kowane wata 3, da sa hannun masana na jami'o'inmu waɗanda ba kamfani ke biyansu ba. Ofishin OPVN kuma ya riƙa bayyana, jiha bayan jiha, yawan ton na hatsin da ke cikin rumbunansa kafin watan Yuni, lokacin da rumbun talaka ke ƙarewa.